Za mu ziyarci wurin tarihi da yara da dattijo: me ya fi kamata mu kiyaye?

Abu Hanan ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini jagorancin wata ziyara ta yini ɗaya zuwa wani babban filin tarihi, irin wanda ke da tsohuwar ganuwa da hasumiya da kufai, ga kuma hanyoyin ƙafa da suka ratsa ciyawa da kwazazzabo. Mu 14 ne: manya 8, yara 5 tsakanin shekara 6 zuwa 12, sai mahaifinmu mai shekara 71 da ke shan maganin hawan jini. Lokacin zafi ne, kuma an ce hadari kan taso da yamma. Mata sun fi damuwa da macizai. Ni kuwa ban ma san ta ina zan fara ba. Ruwa nawa za mu ɗauka? Wane kaya? Me ya fi jawo matsala a irin waɗannan wurare? Masana a taimaka da bayani dalla-dalla.

Malama Rakiya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hanan. Ka gaya wa matan su sassauta tsoron maciji, su mayar da hankali kan rana da matakala. Abin da ke kwantar da masu ziyara a irin waɗannan wurare galibi zafi ne da faɗuwa. Dalilin kuwa, mutum ya sayi tikiti, ya ga allunan bayani da ma'aikata, sai ya saki jiki kamar yana cikin gidan adana kayan tarihi mai rufi, alhali fili ne fetal, inuwa kaɗan, dutse na mayar da zafin da ya sha.

Lissafin ruwa tukuna. Babba da ke tafiya cikin zafi yana buƙatar rabin lita zuwa lita 1 a kowace awa. A sha kamar kofi ɗaya, wato mililita 250, duk minti 15 zuwa 20, ba a jira ƙishirwa ta kama mutum sannan ya kwankwaɗi gora guda ba. Idan za ku yi awa 4 a fili, ka ware lita 3 ga kowane babba, lita 2 ga kowane yaro. Manya 9 lita 27 ke nan, yara lita 10, jimla 37. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka kada ka yi tunanin mutum biyu za su ɗauke wa kowa. Kowa ya rataya gorarsa, a bar ragowar a mota, a tsara zagayen yadda za a dawo wajen motar a tsakiya a sake cikawa. Ka tambaya tun kafin ranar ko akwai famfon sha a ciki, kada ka gina lissafinka a kan zato.

Akwai kuma iyaka ta sama. Kada babba ya wuce kusan lita 1.5 a awa guda. Wanda ya yi ta zufa yana ɗura ruwa zalla ba ya cin komai, gishirin jininsa kan ragu, ya kamu da ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, a ɗauka ƙishirwa ce a ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Maganin wannan shi ne a riƙa ɗan cin abu mai gishiri a hanya, kuma a tafi da 'yan fakitin ruwan gishiri da sukari na kemis. In babu, a lita 1 ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, ba a tula ba.

Lokaci ya fi ruwa muhimmanci. Ku kasance a ƙofa da zarar an buɗe. Hawan hasumiya da ganuwa da duk abin da ke cin ƙarfi a gama shi kafin ƙarfe 11. Daga nan zuwa 3 ko 4 a koma ɗakin baje kolin ko inuwa mai kyau. Ba wasa ba ne: a watan Yulin 2023 hukumomin Girka sun riƙa rufe Akropolis, tsohon wurin tarihi na birnin Atina, da tsakar rana saboda tsananin zafi. Kuma lambar da kake gani a hasashen yanayi a inuwa ake auna ta. A tsakiyar rana abin da jiki ke ji zai iya ɗara haka da kusan digiri 8.

Ka san bambancin galabaita da bugun zafi, domin a nan rai yake. Wanda ya galabaita zai yi ta zufa, jiri na ɗibarsa, kai na ciwo, ƙila tsoka ta murɗe, amma hankalinsa na jikinsa, yana amsa tambaya daidai. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ziyararsa ta ƙare a ranar, ko da ya ce ya warware. In minti 30 ta wuce bai samu sauƙi ba, a nemi asibiti. Amma da zarar mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi kamar mashayi, ko faɗa ba gaira ba dalili, ko ya suma, to bugun zafi ne, zafin cikin jikinsa ya kai digiri 40 ko fiye. Kada ka ce ai yana zufa, ba shi ba ne. Mai bugun zafi na iya kasancewa jiƙe sharkaf. A kira agajin gaggawa, kuma a fara sanyaya shi nan take kafin a ɗauke shi: a kwarara masa ruwa mai sanyi a duk jiki, a sa ƙanƙara ko jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita. Kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya aiki a nan, domin ba zazzaɓi ba ne.

Yara ba sa faɗin ƙishirwa in wasa ya yi daɗi. Yaron da ya yi shiru ba zato, fuska ta yi ja, ya daina tsalle-tsalle, a duba shi. Kuma ko na minti 5 kada a bar yaro a mota. Cikin minti 10 zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 11, sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai.

Injiniya Bala ya amsa:

Malama ta gama da rana, bari in ɗauki ginin. Abin da ya kamata kowa ya sa a ransa shi ne waɗannan gine-gine ba don masu yawon buɗe ido aka yi su ba. Wasu ma da gangan aka yi su su wahalar da mai shiga.

Ka lura da matakala. A ginin zamani tsayin kowane taki ɗaya ne, kusan santimita 17 ko 18, shi ya sa ƙafa ke hawa ba tare da ido ya duba ba. A tsohon gini taki ɗaya santimita 15, na gaba 24, na ukun tsakiyarsa ya lotsa saboda sawun ƙafa na ɗaruruwan shekaru. Ƙafa ta saba da na farko, sai na biyun ya yaudare ta. Saukowa ta fi hawa haɗari: mutum ya gaji, gwiwa na rawa, ido na kan waya. A matakala mai murɗewa ta cikin hasumiya, a bi gefen bango inda takin ya fi faɗi, domin ta wajen ginshiƙin tsakiya ko tafin yaro ba ya zama. Wajen hawa babba ya bi bayan yaro, wajen sauka ya shige gabansa, wato kullum babban yana ƙasa. Hannu ɗaya a sake. In matakalar ta miƙe sosai kamar tsani, a sauko ana fuskantarta. Wasu wuraren ma tsanin ne na gaske: a Mesa Verde ta Amurka, shiga ɗaya daga gidajen da ke manne a jikin dutse sai an hau tsani mai kusan mita 10. Irin wannan a tambaya tun a ƙofa, kafin a kai dattijo gindinsa.

Dutsen da sawu ya goge yana da santsi ko a bushe, balle in ya sha yayyafi ko gansakuka ta hau shi. Takalmi ya zama rufaffe, mai igiya, mai ƙasan roba da zane mai zurfi. Silifas da takalmi mai tsini da mai ƙasan fata a bar su a gida. Sabon takalmi ma a'a, bororo zai fito kafin azahar. A sa wanda ƙafa ta saba da shi. Masu dogayen tufafi su tattare su sama da idon sawu wajen hawa, domin taka bakin riga a kan matakala ya isa ya kifar da mutum.

Kada a hau bango, kada a zauna a kansa, kada a jingina don hoto. Tsohon bango yawanci fuska biyu ne na dutse ko tubali, tsakiya an cika da ɓaraguzai da laka ko farar ƙasa. In rufin ya tafi, ruwa na shiga ta sama ya wanke cikin shekara da shekaru, saiwar itace ta buɗe tsaga. Daga waje sai ka rantse ƙalau yake, amma dutsen saman zaune kawai yake, ba abin da ya riƙe shi. Alamun da za ka gani: ciki ya turo, tsaga ta bi a karkace, ga sabon ɓaraguzai a gindi da launinsa bai dushe ba. In ka ga haka kada ma a tsaya a inuwarsa. Bangon ƙasa kuwa bayan ruwan sama ya fi faɗuwa, saboda gindinsa ke jiƙa ya narke.

Igiya ko shinge da ka gani, ko da siriri ne, akwai dalilinsa, kuma inda babu shinge ba yana nufin babu rami ba. Hukumomi kan guji kafa ƙarfe a jikin tsohon gini don kada su ɓata shi. Mai ɗaukar hoto ya tsaya cak sannan ya ɗaga waya. Ja da baya ana neman kowa ya shiga hoto shi ke kai mutum bakin ganuwa.

Sai rijiyoyi da ramukan ajiyar ruwa da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Ciyawa kan rufe bakinsu, wani an rufe shi da katakon da ya ruɓe. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada yaro ya bar hanya. In wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi. A iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne iskar oksijin da ke raya mu, a tsohon rami takan ragu ƙasa da kashi 19.5, ko wata iska mai guba ta taru a ƙasa, kuma hanci ba ya faɗa maka. Mai ceto ya sauka, ya yanke jiki ya faɗi, a koma neman mutum biyu. A kira ma'aikata, a ci gaba da yi wa na cikin magana daga sama.

In filin tsohon fagen yaƙi ne, akwai ƙari. A Vimy ta Faransa har yau akwai sassan da aka killace saboda harsasan igwa na Yaƙin Duniya na Ɗaya da ba su fashe ba, tumaki ake sakawa su cinye ciyawar maimakon a shiga da injin yanka. A Filin Tuluna na ƙasar Laos, wanda ya sha ruwan bama-bamai tsakanin 1964 da 1973, alamomi ne aka dasa a ƙasa masu nuna iyakar inda aka share. A 2008 a jihar Bajiniya ta Amurka wani harsashin igwa na yaƙin basasarsu ya fashe ya kashe mutumin da ke tsabtace shi, fiye da shekara 140 bayan an ƙera shi. Tsufa ba ya kashe nakiya, sai ma ya sa ta ƙara saurin tashi. Ka tara yaran ka gaya musu: duk ƙarfe mai tsatsa da suka gani, ba taɓawa, ba shuri, ba jifa. A koma ta inda aka zo, a gaya wa ma'aikaci. Ko guntun fasasshiyar tukunya ne ma, ɗaukarsa laifi ne a ƙasashe da yawa.

Ummu Safiyya ta amsa:

Ƙaramin gyara ga lissafin Yaya Rakiya game da Baba. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ne, suna rage ruwan jiki. Wasu kuma suna hana zuciya saurin da take buƙata don fitar da zafi. A gefe guda, in yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, mai yiwuwa likita ya ƙayyade masa ruwa da gishiri, lita 3 da ruwan gishirin su zame masa illa. Don haka a kai sunayen magungunansa wa likitansa mako guda kafin tafiya, a tambayi nawa zai sha. Kada a dakatar da magani da ka. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, sai an riƙa miƙa musu. In ya zauna ya huta, ya tashi a hankali, domin jiri a lokacin miƙewa yake zuwa. A ba shi sanda, a ware mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai shi, kuma a yarda tun a gida cewa hasumiya ba tasa ba ce. In akwai mai allurar insulin, kada a bar ta a mota, zafi na kashe ƙarfinta.

Ɗanjuma ya amsa:

Maganar hadarin yamma da ka ambata ita ta fi tsaya mini. Wuraren tarihi da yawa a kan tudu aka gina su don a hango abokan gaba, wato daidai inda aradu ke so.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ka ji tsawa, kana cikin inda za ta iya sauka. In kana son awo, ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, wato kilomita 10, ya kamata a ce kun riga kun shige mafaka. Da mutum 14 da dattijo kada ka jira ƙirga, ku fara sauka tun hadari na haɗuwa, domin sauko da ayari daga kan ganuwa na iya cin minti 20. Bayan tsawa ta ƙarshe a jira minti 30 cur kafin a fito. Mutane da yawa a wannan gaɓar suke kuskure, ruwa ya ɗauke, rana ta leƙo, su fito, alhali hadarin bai yi nisa ba.

Mafaka biyu ce kawai: cikakken gini mai wayoyin lantarki da bututun ruwa, ko mota mai rufin ƙarfe a rufe gilasai, ba a taɓa ƙarfen jikinta. Ba tayar ke kare mutum ba, jikin ƙarfen ne ke zagaye da wutar ya kai ta ƙasa. Rumfar hutawa mai buɗaɗɗen gefe tana tare ruwa, ba ta tare aradu. Haka gindin itace tilo, da bakin kogo, da ƙofar kango mara rufi, da kusa da shingen waya ko sandar tuta. Yawancin waɗanda abin ke shafa ba a kansu take sauka ba. Itace ko bango take bugawa, wutar ta bi ƙasa ko ta yi tsalle zuwa na kusa. In ta ritsa da ku a fili, a sauka daga tudu, a naɗe laima, a warwatsu da tazarar taku 15 ko 20 tsakanin mutum da mutum don kada bugu ɗaya ya kwashe kowa, kuma kada a kwanta a ƙasa. Wanda ta buga babu sauran wuta a jikinsa, a taɓa shi nan take. In ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, har agaji ya zo.

Kwazazzabon kuma, ruwan da zai cika shi ba lallai a kanku ya sauka ba. A Petra ta ƙasar Jodan, ambaliya ta bi ta ƙunƙuntar hanyar shiga a 1963 ta kashe mutum fiye da 20, yawancinsu Faransawa masu ziyara, kuma a Nuwamban 2018 sai da aka kwashe dubban baƙi daga wurin. Mutanen da suka gina birnin sun san da haka, shi ya sa suka yi madatsa da ramin karkatar da ruwa tun zamaninsu. In hasashe ya ce za a yi ruwa ko'ina a yankin, a soke shiga kwazazzabo. In kuna ciki kuka ji ruri kamar na babbar mota, ko ruwan da ke gudu ya rikiɗe ya yi ja yana ɗauke da kara da ganye, a hau gefe sama, kada a yi tsere da shi ta ƙasa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babba. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota.

Abu Hanan ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Amma har yanzu ba a taɓo macizan ba, kuma in na koma ba amsa ba za a bar ni in sha ruwa ba. Sannan me zan zuba a jakar agaji?

Malam Habu ya amsa:

To Malam, ga na macizai. Kufai gidansu ne: ramuka a bango, ɓeraye, dutse mai ɗumi. Amma maciji ba ya farautar mutum, sara na zuwa ne in an taka shi ko an kai hannu inda ido bai gani ba. Kada yaro ya zura hannu a rami ko ya ɗaga dutse. In za a tsallake gungume ko katanga, a taka samanta a duba bayan sannan a sauka. A duba wuri kafin a zauna, a kakkaɓe jakar da aka ajiye a ƙasa saboda kunama. In an gan shi a ja da baya taku da yawa a ba shi hanya. Masu neman kashe shi su ne ke shan sara.

In ya sari wani, a matsar da shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da abin hannu da takalmi kafin kumburi. A ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka in da hali. A rubuta lokacin da abin ya faru. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya tamau, ba ƙanƙara, ba baƙin dutse. Ɗaurin nan da ake yi da igiya yakan jawo a yanke ƙafar da da ta warke. Asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini, in dole ne a ba da farasitamol. Maganin dafi a asibiti yake, shi ya sa tun kafin tafiya za ka binciki asibiti mafi kusa da ke da shi, domin ba kowanne ke ajiyewa ba. In maciji mai tofi ne ya fesa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Ni abin da na fi jiye muku shi ne kaska da zuma. Kaska ba ta tsalle, a kan ciyawa take jira a goge ta. A bi tsakiyar hanya, a sa dogon wando mai haske a cusa ƙafarsa cikin safa. A shafa maganin ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 a fatar da ke waje, bayan an fara shafa man kare rana ya bushe. Babba ya shafa a tafinsa sannan ya shafa wa yaro, ban da hannuwa da kewayen ido da baki. Da an koma masauki a yi wanka cikin awa 2, a duba bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya, ƙugu da bayan gwiwa. Ƙaramarta ba ta fi ɗigon biro ba. In ta kama, a sa matsefata mai siririn baki a kamo ta dab da fata, a ja sama a miƙe a hankali, ba murɗawa, a wanke da sabulu. Ƙona ta da ashana ko shafa mata mai yana sa ta amayar da abin cikinta a jikin mutum. Saurin cirewa na da amfani, domin cutar Laim da ake samu a Arewacin Amurka da Turai galibi sai kaskar ta wuce yini guda a manne take shiga. A rubuta ranar. Zazzaɓi, ko jan tabo mai faɗaɗa, cikin kwana 30, a je asibiti a faɗi cewa kaska ta ciji mutum.

Zuma da rina suna son rufin kango da tsagar dutse. A Sigiriya ta ƙasar Siri Lanka har alluna aka kafa ana roƙon masu hawa su yi shiru saboda su. A bar turare mai ƙarfi a ranar, a rufe kwalbar lemo. In suka taso, a rufe fuska da riga a yi nesa da sauri zuwa mota ko ɗaki, ba kaɗa hannu, ba faɗawa ruwa. A cire ƙarin da wuri da farce ko gefen kati. Wanda leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, wannan na gaggawa ne. In an san wani da irin haka, allurar adirenalin ɗinsa ta kasance a jikinsa, a cinya ta waje ake soka ta, ko ta kan wando. Biri da karen da ba mai shi kuwa kada a ba su abinci, kada yaro ya riƙe leda a gabansu. Cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ana duba agogo, a je a yi allurar haukan kare a ranar. Haka in jemage ya taɓa fatar mutum, ko ba a ga rauni ba.

Jaka: bandeji mai talewa 2 don targaɗe, filasta, auduga mai tsabta, maganin wanke rauni, matsefata, almakashi, safar hannu, farasitamol, maganin ƙaiƙayi, fakitin ruwan gishiri da sukari 6, tocila, batirin cajin waya. Man kare rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk awa 2. Kowa da hula mai faɗi.

Kowane yaro a rataya masa usur, a sa takarda mai lambar wayar babba a aljihunsa, a koya masa in ya ɓace ya tsaya inda yake ya busa sau 3, ya huta, ya sake. Ka ɗauki hotonsu da safe don a san kayan da ke jikinsu. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kuma a ƙirga kai duk inda hanya ta rabu. Ka sauke taswirar wurin a waya tun a gida saboda sabis kan ɗauke a bayan ganuwa da cikin kwari, ka karɓi ta takarda a ƙofa, ka rubuta lambar ofishin wurin a bayanta. A nan ƙofar ka tambayi ma'aikaci abu uku: wace hanya aka rufe yau, ina ruwan sha yake, ƙarfe nawa ake kulle ƙofa. Lissafin tafiya kuwa, babba mai lafiya na cin kilomita 5 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Da yara da Baba ka ɗauka 2 ne, ka tsayar da lokacin juyowa tun kafin ku shiga, awa 2 kafin faɗuwar rana.